Mawaƙanmu sun iya sitidiyo, amma wa zai koya musu tsayuwa a gaban jama'a?

A makon jiya na halarci wani biki a nan Jos, inda aka gayyato wani matashin mawaƙi da waƙoƙinsa ke tashe a wayoyin jama'a. Yana tsakiyar waƙa ta biyu janareta ya mutu, sai ga shi tsaye riƙe da makirufo, bakinsa yana motsi amma babu abin da ke fita, domin ashe duk muryar da muke ji daga na'urar mai kula da sauti take fitowa. Mata sun ci gaba da tafi suna jiran ya ɗora da bakinsa ko da baiti ɗaya ne, amma ya juya baya yana latsa waya har aka tayar da injin. Raina ya ɓaci, sai dai ban ga laifinsa sosai ba, saboda babu wanda ya taɓa koya masa cewa rera waƙa a sitidiyo daban, tsayuwa da ita a gaban mutane daban.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne a garin Ɗan Maraya wannan abu ya faru. Marigayi Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ba ya yawo da taron makaɗa da 'yan amshi irin na Mamman Shata. Daga shi sai kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, wanda ake haɗawa da gwangwanin kifi da fatar akuya, kuma da wannan ɗan ƙaramin abu yake riƙe fili guda. Idan yana waƙa a kan zaman aure, zai yi muryar miji, ya juya ya yi ta mata, ya yi shiru ya bar kuntigi ya ƙarasa maganar, har mai sauraro ya ga kamar a tsakar gidan yake zaune. Wannan shi ne fito da ma'anar waƙa, kuma shi ne abin da ya ɓace mana.

Na san za a ce waƙa baiwa ce, ba a koyar da ita. Murya baiwa ce, na yarda, amma mawaƙan da muke alfahari da su yawancinsu sun shafe shekaru suna amshi da ɗaukar kayan kiɗan iyayen gidansu, suna lura da yadda ake buɗe fili da yadda ake dawo da hankalin jama'a idan ya watse. Wannan makaranta ce, kwamfuta ta zo ta rushe ta, ba mu kuma gina wata a madadinta ba.

Na taɓa zama a gefe ina kallon wani dattijo yana horar da yaron da zai rera ƙasida a taron Maulidi. Bai bar shi ya fara rerawa ba sai da ya sa shi ya karanta baitin kamar magana har sau uku, sannan ya tambaye shi: “Ɗana, da wa kake magana a nan, kuma me kake roƙo?” Yaron ya ce, “Baba, ban taɓa tunanin haka ba.” Da ya sake ɗaukar baitin, ya sassauta murya a kan kalmar da ya saba wucewa da gudu, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Muryar ba ta canza ba, fahimta ce ta shigo.

Irin wannan horo nake so a ba matasanmu, a haɗa da abubuwan da ke sa mutum ɗaya ya iya riƙe taro na awa guda: wace waƙa za a buɗe da ita, ina za a ajiye mai nauyi, me za a faɗa tsakanin waƙa da waƙa, yaya za a raba numfashi don kada murya ta dushe, musamman a sanyin hunturun Jos. Akwai kuma batun liƙi, wanda yake sa mawaƙi ya yanke waƙa mai ma'ana ya koma kirarin mai kuɗi. Dole a koya masa yadda zai girmama mai liƙi ba tare da ya zubar da waƙar ba.

Kuma muna da inda za a yi. Jami'ar Jos tana da sashen koyar da wasan kwaikwayo, Cibiyar Koyar da Harkar Fim ta Ƙasa ma a nan take, ga tsofaffin makaɗa a unguwanninmu waɗanda ba a neman su. A shirya kwas na wata uku da Hausa, a haɗa malaman dandali da waɗannan dattawa, sannan jarrabawar ƙarshe ta zama ɗalibi ya tsaya shi kaɗai na minti 30 da abin kiɗa guda ɗaya, babu faifan da zai jingina da shi. Ni dai idan aka buɗe, akwai ƙanena da zan fara kai wa da hannuna, domin shekara biyu ke nan yana shiga sitidiyo, bai taɓa rera waƙa a gaban mutum goma ba.