Hoto mai birgima ba shaidar lalacewar allon wasa ba ce

Masu gyara da dama suna yanke hukuncin cewa allon lantarkin akwatin wasan bidiyo na jefa sulalla ya mutu da zarar sun ga hoto yana birgima ko yana karkacewa, alhali sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Idan sauti yana fita kuma launuka suna bayyana, wasan yana gudana, abin da ya ɓace shi ne siginar daidaita hoto, wadda ke sanar da talabijin inda kowane layi yake farawa.

A tsarin JAMMA na Japan, wato mahaɗi mai ƙafafu 56 da ke haɗa allon da akwatin wasan, wannan sigina tana fita ta ƙafar P, don haka datti ko tsinkewar waya a wurin ya isa ya hargitsa hoton. Akwai kuma rashin jituwa, domin yawancin tsofaffin allunan suna aiki da kusan kilohaz 15, wato layukan hoto kusan dubu 15 a daƙiƙa, yayin da allon kallon kwamfuta nau'in VGA yake buƙatar 31. Wasan R-Type ma yana sabunta hoto kusan sau 55 a daƙiƙa maimakon 60, kuma talabijin na zamani da yawa ba sa karɓar hakan. A ganina, ya kamata a goge mahaɗin a auna siginar kafin a kai dalma kan allon.