Marie-France Dubreuil: Malama ɗaya, ɗalibai masu takara da juna

A gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Turin ta Italiya a 2006, a wasan rawar ƙanƙara, wanda mace da namiji ke yi suna sulɓi da takalma masu ƙarfe a ƙasa, saura ƙiris su kammala rawarsu, Patrice Lauzon na Kanada ya ɗaga abokiyar rawarsa Marie-France Dubreuil yana juyi da ita a kan ƙanƙara, sai hannunta ya suɓuce, ta faɗo da ƙugunta. Dole suka janye daga gasar. Wata guda bayan nan, a Calgary, suka ci lambar azurfa a gasar duniya, suka maimaita a Tokyo a 2007. Sau biyar suna zama zakarun Kanada, amma zinaren duniya bai taɓa shiga hannunsu ba, lambar Olamfik kuwa ko tagulla.

Abin da ya gagare su da ƙafafunsu sun same shi ta hannun ɗalibai. Bayan sun bar gasa sun yi aure a 2008, suka shiga horar da masu rawar ƙanƙara a Montreal. A 2014 Romain Haguenauer ya zo daga Lyon ta Faransa ya haɗu da su, tare da ɗalibansa biyu, Gabriella Papadakis da Guillaume Cizeron. A Olamfik ta 2018 a Koriya ta Kudu, Tessa Virtue da Scott Moir na Kanada suka ci zinare, Papadakis da Cizeron suka ci azurfa. A lokacin fili ɗaya suke atisaye, a makarantar su Dubreuil da ke Montreal, malamai ɗaya. A Beijing a 2022, na ɗaya da na uku da na huɗu duk daga wannan makaranta suka fito.

Ba na musun gwanintar Dubreuil. Wadda ta san zafin faɗuwa a gaban duniya ta san abin da za ta faɗa wa yarinyar da gabanta ke faɗuwa kafin ta shiga fili. Damuwata a wani wuri take. Rawar ƙanƙara ba tseren gudu ba ce da agogo zai raba gardama. Alƙalai ne ke ba da maki, suna duba yadda ake tafiya a gefen ƙarfen takalmi, da ɗagawa, da bin kiɗa. Idan galibin waɗanda ke gaba hannu ɗaya ya gyara su, a hankali idon alƙali zai saba da wannan salon har ya ɗauke shi ma'auni, wanda ya zo da nasa daban kuma a ga kamar ya kauce hanya.

Sai batun adalci tsakanin ɗaliban kansu. Ko a gidan mai mata biyu an san wuyar raba kwana, balle a raba dabara tsakanin masu neman lamba ɗaya. Idan sabuwar ɗagawa ta zo wa Dubreuil a rai ana gab da gasa, 'yan Kanada za ta bai wa, ko 'yan Faransa, ko 'yan Amurka? Hukumar ISU mai kula da wasan ce ya kamata ta yi wa kanta wannan tambaya tun a 2018.