An bar jaki ana dukan taiki

Yayata ta yi shekara bakwai a gidan mijinta na fari ba ta taɓa yin ko ɓatan wata ba. Lokacin ina ƙaramar sakandare, ni ake aike gidanta, don haka na ga abubuwan da manya ke zaton yaro ba ya lura da su. Na ga jarkokin rubutu jere a ƙarƙashin gado. Na ga saiwoyin da ake dafa mata har ɗakin ya riƙe warinsu. An kai ta wajen masu ruƙiyya ba sau ɗaya ba, wai namijin dare ne ya aure ta. An yi mata wankin mahaifa sau biyu. An yi mata hoton nan da ake ɗura ruwa ta bakin mahaifa a ga ko hanyar ƙwai a buɗe take, ta dawo gida tana tafiya a dudduƙe. A duk tsawon shekarun nan maigidan bai taɓa miƙa kansa an duba shi ba. Iyakarsa ya ba da kuɗin mota ya ce Allah ya sa a dace.

Ranar da ba ta fita raina ita ce ranar sunan ɗan facalarta na uku. Gida cike da mata, Yaya na durƙushe tana zuba miya a kwanuka, sai uwar mijin ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, "Wasu dai sai ci da cika masai." Yaya ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da zuba miyar, amma na ga ludayin na rawa.

Aka yi mata kishiya, daga baya aka sake ta. Ta auri wani malamin firamare, shekara ba ta zagayo ba ta haihu. Yau 'ya'yanta biyar. Shi kuwa tsohon mijin yana kan aurensa na huɗu, har yanzu shiru. Wallahi ba dariya nake masa ba, tausayinsa ma nake ji. Abin da ke ci mini rai shi ne mata huɗu sun ɗauki sunan juya a kansa, kuma wataƙila da ya je an duba shi tun yana ɗan shekara ashirin da takwas, da matsalar tasa mai magani ce.

To maza 'yan uwana, da ku nake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Babban kuskurenmu shi ne mun haɗa abu biyu da ba ɗaya suke ba: ƙarfin mazakuta da iya ba da ciki. Ka ce wa mutum ya je a gwada shi, sai ya murtuke fuska ya ce, "Ni lafiyata ƙalau, a tambaye ta." Malam, ba wanda ya ce ba ka iya kwanciyar aure. Ruwan da kake gani yana fita yawancinsa daga wasu sassa ne da ke kusa da mafitsara yake zuwa. Ƙwayoyin da ke yin cikin, waɗanda maraina ke ƙerawa, ɗan kaɗan ne ƙwarai a cikinsa, kuma ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Mutum na iya zama da mata huɗu, kowacce ta shaide shi, maniyyinsa ya fito da kauri da yawa, amma a sa a madubi a tarar babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Kusan namiji ɗaya cikin ɗari haka yake, kuma ba zai taɓa ji a jikinsa ba.

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, ƙasashe masu arziki da matalauta duk kusan daidai. Abin da likitocin fannin suka daɗe da sani kuma shi ne, cikin ma'auratan da ke neman haihuwa ba su samu ba, kusan rabi akwai hannun namiji a ciki, ko dai shi kaɗai ko shi da matar. Rabi fa! Yanzu ka shiga layin masu neman haihuwa a kowane babban asibiti namu ka ƙirga mayafai, ka ƙirga huluna.

Abin haushin ma, gwajin namiji shi ne mafi sauƙi a duk binciken. Ba allura, ba wuƙa, ba a tura maka komai a jiki. Za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, a ba ka 'yar kwalba mai tsabta, ka kawo maniyyin ɗakin gwaji cikin awa ɗaya. Za su duba yawan ƙwayoyin, da yadda suke motsi, da surarsu. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa mafi ƙarancin adadin da ake so a wajen ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita. Idan sakamako ya fito ba kyau, ba a yanke hukunci da shi nan take. Ƙwaya na ɗaukar wajen kwana 74 kafin ta kammala, don haka zazzaɓi mai zafi da ka yi wata biyu baya na iya ɓata sakamakon yau. Shi ya sa ake maimaitawa bayan kamar wata uku. Shi ke nan. Ka auna wannan da abin da ake yi wa mace, sannan ka gaya mini dalilin da zai sa a fara da ita.

Na san inda gizo ke saƙar. Kunya ce, da tsoron kada a ce. Wasu kuma na tambaya ta fuskar addini yadda za a fitar da maniyyin, wannan ma akwai hanya, domin matarka na iya taimaka maka a gida in asibitin na kusa. Ka tambayi likita, ka tambayi malaminka. Amma kada ka fake da tambayar da ba ka taɓa kai wa kowa ba.

Me ke jawo wa namiji wannan? Wasu dalilan da su aka haifi mutum, ba laifin kowa ba ne. Wasu kuma a hanya aka tsince su. Akwai kumburin jijiyoyin jini na maraina, galibi a ɓangaren hagu, in mutum ya tsaya ya taɓa sai ya ji kamar an cusa tsutsotsi a jaka. Maza da yawa na da shi ba su sani ba, kuma yana cikin abubuwan da aka fi samu ga masu matsalar haihuwa, saboda yana ɗumama wurin. Allah ya rataye maraina a waje ne don su fi sauran jiki sanyi. Wannan ana yi masa ƙaramin aiki. Akwai hangum idan ta kama mutum bayan ya balaga ta sauka ƙasa. Akwai ciwon sukari, akwai sigari. Akwai ciwon sanyin da aka ɗauko a ƙuruciya, aka je kemis aka haɗiyi kafso biyu, zafin fitsari ya lafa, aka ɗauka an warke, alhali ya bar tabo ya toshe hanya. Wannan na ƙarshen ya fi muni, domin sau da yawa mijin ne ke kai wa amarya ciwon, ya haura ya toshe mata hanyar ƙwai, bayan shekara biyar kuma shi ne mai cewa ba ta haihuwa.

Bari in ɗan tsaya a kan magungunan ƙarfin maza, don nan ne muke kashe kuɗi muna sayen wahala. Ka tsaya a kowace tasha ko bakin kasuwa za ka ji lasifika na zayyano abin da ba za ka so ɗanka ya ji ba, kwalba ɗaya wai tana maganin basir da sanyi da saurin inzali da rashin haihuwa gaba ɗaya. Ba ka san me ke ciki ba, mai sayarwar ma sau da yawa bai sani ba. Matasa kuma sun koma tiramol wai don su daɗe, alhali ire-iren ƙwayoyin nan na danne sinadarin da ke umartar maraina su yi aiki. Mafi ban mamaki ita ce allurar testosteron, wato sinadarin mazakuta, da masu ɗaga ƙarfe da masu neman kuzari ke yi. Idan jiki ya ga sinadarin na shigowa daga waje sai ƙwaƙwalwa ta daina aika wa maraina saƙo, ƙera ƙwaya ya ragu ko ya tsaya cak. Har gwada ta aka yi a matsayin maganin hana haihuwa na maza. Wato mutum na neman ɗa, yana biyan kuɗi ana yi masa allurar hana haihuwa.

Iyaye mata, ku ma akwai naku a nan, tun daga wankan jego. Idan kina yi wa jariri namiji wanka ki taɓa ki tabbatar 'ya'yan marainansa biyu duk sun sauko. In ɗaya bai sauko ba har ya kai wata shida, a kai shi asibiti, don aikin an fi so a yi shi kafin ya wuce shekara ɗaya da rabi. Kuma in yaro matashi ya tashi da matsanancin ciwon maraina farat ɗaya, har da amai, ba na shafa man zafi ba ne. Yana iya zama murɗewa ce, jini ya daina zuwa, kuma awa shida na farko su ne na ceto. Yaranmu kunya ke hana su faɗa, sai abin ya mutu a ciki.

Wani zai ce ai haihuwa ta Allah ce. Haka ne, babu mai ja. Amma ka je ka karanta ayoyi na 49 da 50 na Suratush Shura. Allah ya ce yana ba wanda ya so 'ya'ya mata, ya ba wanda ya so maza, ko ya haɗa masa duka, kuma yana sanya wanda ya so ya zama marar haihuwa. "Wanda ya so" aka ce, ba a ware mace ba. To me ya sa tawakkalin namu ke aiki a kan miji kaɗai? In maganar asibiti ta zo kansa sai a ce a bar wa Allah, in ta zo kan matar sai a ce ta tashi ta nemi magani. Ayar ma ta tuna mini da masu sakin mace don tana haihuwar 'ya'ya mata. Ƙwayar namiji ce ke ɗauke da abin da ke sa ɗa ya zama namiji ko mace, ƙwan mace iri ɗaya yake bayarwa kullum. In dai dole sai an tuhumi wani, to ba ita ba ce.

Ba na cewa duk wanda ya je zai dawo da albishir. Wani magani zai sha, wani aiki za a yi masa, wani a ce ya bar sigari ya rage ƙiba ya dawo bayan wata uku. Wani sai an kai ga dashen ciki, wato a haɗa ƙwayar namiji da ƙwan mace a ɗakin gwaji sannan a mayar cikin mahaifa, wanda aka fara samun nasararsa a Ingila a 1978, kuma tun 1992 likitoci a Beljiyam suka gano yadda ake ɗaukar ƙwayar namiji guda ɗaya tak a cusa ta cikin ƙwan mace. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta dashen in dai maniyyin miji ne da ƙwan matarsa kuma a mahaifarta za a mayar. Tsada gare shi, ba kowa ke iyawa ba, ba zan ɓoye ba. Wani kuma za a gaya masa gaskiya mai ɗaci cewa babu hanya. Ko shi ma ya ci riba, domin ya huta da zubar da dukiya a wajen 'yan damfara, kuma matarsa ta san a kan me take zaune. Ta zauna da sani ko ta nemi rabuwa da sani, haƙƙinta ne. Likitocin mafitsara su ne masu wannan aikin, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ƙa'idar ita ce in an shekara ana tare ba ciki, a je tare. In matar ta haura shekara 35, wata shida ya isa.

Akwai wani rukunin maza da ban san yadda zan kira su ba. Su ne waɗanda suka je, aka gwada, suka san daga gare su ne, suka ninke takardar suka sa a aljihu, sannan suka zuba ido dangi na yi wa matar gori. Ita ma ta sani, amma ta rufa masa asiri. Tana shan habaici a gidan biki, ana hana ta aiken 'ya'yan mutane, ana cewa ba ta san zafin haihuwa ba, ta dawo ta dafa masa tuwo. Ba na cewa ka hau mumbari ka yi shela. Amma mahaifiyarka da 'yan uwanka mata, kai kaɗai ne za ka iya tsayar da su.

Wani abokina ya tsayar da tasa mahaifiyar, shi ne ma ya sa na zauna rubutun nan. Shekararsu huɗu da aure, Hajiyarsa ta riga ta nemo masa 'yar ƙawarta. Ya je gwaji a ɓoye, ya maimaita, sakamako bai canza ba. Ya ce mini ya kwana uku yana zagaye ƙofar ɗakin Hajiyar ya kasa shiga. A na huɗu bayan sallar isha ya shiga ya zauna a ƙasa ya ce, "Hajiya, maganar auren nan a dakata. Na je asibiti, matsalar a wajena take, ba a wajen yarinyar nan ba."

Ya ce ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ita ta sani?" Ya ce ta sani tun watan jiya. Sai Hajiya ta ce, "Kuma da safen nan ta zo ta gaishe ni, na ƙi amsawa." Ta jawo mayafinta ta ce ya tashi ya kai ta gidan a daren.