Haɗa na'urar fitilun Kirsimeti da kanka ba kullum ya fi araha ba

A Amurka, da Disamba ta kama, za ka ga gidaje an lulluɓe su da dubban ƙananan fitilu masu sauya launi daidai da kiɗa. Wata na'ura ce ke faɗa wa kowace fitila launin da za ta yi da lokacin da za ta kunnu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ta cewa duk wanda ya sayi na'urar a haɗe ɓarnar kuɗi ya yi, tunda allon ESP32, wato ɗan allon lantarki da ake haɗa irin wannan na'ura da shi, araha ne, kuma manhajojin WLED da xLights, masu sarrafa fitilun, kyauta ne.

Gaskiya allon ba shi da tsada, sai dai shi ne mafi ƙanƙanta a aikin. Ɗauki fitilu 1000 irin WS2812B masu volt 5. Kowace na iya jan kusan miliamp 60 idan ta yi fari fat, wato amp 60 gaba ɗaya (amp ma'aunin yawan wutar da ake ja ne, miliamp 1000 ke yin amp ɗaya). Wannan wuta na iya narka siririyar waya. Dole a sayi na'urar ba da wuta mai ƙarfi, fiyus ga kowane layi, waya mai kauri, da akwatin da ruwa da dusar ƙanƙara ba sa shiga. Wutar ma tana raguwa a doguwar waya, har fitilun ƙarshe su koma ja-ja, sai an ƙara musu wuta a tsakiya.

Haɗaɗɗiyar na'ura irin ta kamfanin Light-O-Rama tana zuwa cikin akwatinta, an riga an gwada ta. Wanda ya iya aikin liƙa waya da dalma kuma yake da lokaci tun Satumba zai iya rage kuɗi. Mai farawa kuwa sau da yawa sai ya ƙona allo ɗaya ko biyu kafin fitilar farko ta kunnu.