Farautar akwatin ɓoye da GPS: waya ta kai ku kusa, ido ne ke ganowa

Jama'a, wasan nan da ake kira jiyokashin, inda wani zai ɓoye ɗan akwati a waje, ya wallafa lambobin da ke nuna wurin a taswira a intanet, wasu su bi na'urar GPS, mai gano wuri ta tauraron ɗan'adam, su nemo shi, a ganina yana cikin abubuwan da suka fi dacewa a fita da yara a kansu. Sai dai iyalai da yawa fita ɗaya suke yi su ce a kai kasuwa. Dalilin kuwa kusan ɗaya ne: sun zaci kibiyar da ke fuskar waya za ta ɗora musu hannu a kan akwatin. Ba za ta taɓa yin haka ba.

Kafin watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka da gangan take dagula siginar GPS ga farar hula, har na'ura kan kauce wa wuri da kusan mita 100. Ranar 2 ga Mayu aka daina, washegari wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya sanar da lambobinsa. Daga wannan bokitin ne aka kai ga akwatuna sama da miliyan 3 a shafin Geocaching.com. Kuskuren na'ura ya ragu ƙwarai, amma bai ƙare ba.

Waya mai kyau, a fili, ba abin da ya tare sama, takan yi kuskuren mita 3 zuwa 5. Wanda ya ɓoye akwatin shi ma tasa na'urar ta yi nata kuskuren ranar da ya ɗauki lambobin. In ka haɗa biyun kana maganar mita 10, kuma da'irar da ke da mita 10 daga tsakiya zuwa baki ta haura murabba'in mita 300. A ƙarƙashin bishiyoyi ko tsakanin dogayen gine-gine abin ya fi muni. Na'urar tana auna nisa ne da lokacin da saƙo ya ɗauka daga tauraron ɗan'adam da ke can sama kimanin kilomita 20,000. In saƙon ya daki bango kafin ya iso, ya makara kenan, sai lissafi ya karkace. A nan ne za ka ga uba ya kafa wa waya ido yana kai gwauro yana kai mari, kibiya ta ce dama, ya juya ta ce hagu, yara kuwa sun gaji sun zauna a kan dutse. Wataƙila ma a ƙarƙashin dutsen akwatin yake.

Da zarar waya ta nuna saura mita 10 ko 15, a tsaya, a sa ta aljihu. Sai a tambayi yaran: da ku ne za ku ɓoye, ina za ku sa? Abin da ake nema shi ne abin da bai yi kama da aikin daji ba: duwatsun da aka tara wuri ɗaya, itatuwa uku ko huɗu da aka jera kai da kai, ɓawon bishiya da aka jingina a bakin kogo, ko ɗan mazubi mai maganaɗisu a manne a ƙarƙashin bencin ƙarfe. Yara sun fi manya iya wannan, don idonsu ya fi kusa da ƙasa, kuma ba sa jin kunyar durƙusawa. In an yi minti 10 ba labari, a ja baya mita 30, a sake tunkaro wurin ta wani ɓangaren, a lura da inda layukan biyu suka haɗu. Kibiya ta fi faɗin gaskiya in ana tafiya. In kamfas ɗin wayar ya rikice, a juya ta a iska kamar ana zana lamba 8.

Rabin nasara tun a gida ake samunta, wajen zaɓe. A shafin, kowane akwati yana da maki biyu daga 1 zuwa 5: wahalar ganowa da wahalar hanya. Farkon fita kada ɗayansu ya wuce 2. A duba girma kuma. Mafi ƙanƙanta, waɗanda ba su kai mililita 100 ba, ba komai a cikinsu sai 'yar nannaɗaɗɗiyar takarda, wasu ma ba su fi kan yatsa ba, sai da hantsaki ake zaro takardar. Yaron da aka yi wa alkawarin taska ba zai yafe wannan ba. A zaɓi mai cin lita ɗaya ko fiye, inda ake samun 'yan kayan wasa. Sannan a karanta bayanan mutum biyar na ƙarshe da suka je. In uku a jere sun rubuta ba su samu ba, mai yiwuwa akwatin ya ɓata, a bar shi. Akwati uku cikin tafiyar kilomita 2 sun ishi ƙananan yara.

Ban ga dalilin sayen na'urar GPS ta hannu tun farko ba. Irin su Garmin eTrex suna da ranarsu, suna jure ruwa da faɗuwa, batir biyu na AA su yini suna aiki, amma waya da manhajar Geocaching ko c:geo ta wadatar. GPS ɗin waya ba ya buƙatar data, taswira ce ke buƙata, don haka a sauke ta da bayanan akwatunan kafin a fita. A tafi da abin caji na aljihu, domin allo a kunne cikin rana yana shan batir kamar me. A kuma adana lambobin inda aka faro tafiya.

Mai shigar da lambobi da hannu ya kula da tsarinsu. Wasan yana amfani da digiri da minti, ba mintin agogo ba, na taswira, wanda 60 ɗinsa ke yin digiri ɗaya. Bokitin farkon nan yana kan digiri 45, minti 17.460 arewa. Wanda ya rubuta 45.17460 a matsayin digiri zalla ya kauce da kusan kilomita 13, kuma na'urar ba za ta ce masa uffan ba.

In an samu, a sa hannu a ɗan littafin da ke ciki, shi ya sa biro ko fensir ya zama dole. Wanda ya ɗauki abu ya ajiye wanda ya kai shi daraja ko ya fi shi. Ban da abinci da duk wani abu mai ƙamshi, dabbobi za su farfasa mazubin. In an ga wani ɗan ƙarfe mai lambar sirri a jiki, ba kyauta ba ne, matafiyi ne da mai shi ke bin sawunsa daga akwati zuwa akwati, ko a kai shi gaba a rubuta, ko a bar shi. A rufe murfi har ya yi ƙas, a mayar daidai inda aka ɗauko, kuma a jira masu wucewa su wuce, don akwatuna da yawa ta haka suke salwanta.

Kada yaro ya cusa hannu ramin da bai ga cikinsa ba. A haska da tocila, a taɓa da sanda, a sa safar hannu. Ba a haƙa ƙasa, domin ƙa'idar wasan ta hana binne akwati. In kibiya ta nuna bayan shingen wani, a zagaya a nemi hanya, ba a tsallake ba.

Yara za su matsa a ɓoye nasu tun ranar farko. A lallashe su sai an gano kamar 20, an ga irin mazubin da ruwa ke shiga da wanda ba ya shiga. Sabon akwati sai da izinin mai filin, sai ya yi nisan mita 161 daga kowane akwati, sai kuma mai tantancewa ya amince kafin ya fito a shafin. A ɗauki lambobin wurin sau uku ko huɗu a lokuta daban-daban a fitar da matsakaici, a sa littafin cikin leda mai zif, kuma a zaɓi wurin da za a iya komawa cikin mako guda in wani ya rubuto cewa takardar ta jiƙe.