Macijin da ba a kashe ba

A garin Mandura, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Fas (Perth) a yammacin Ostareliya, akwai wani faffaɗan tafki inda koguna uku ke haɗuwa da ruwan teku. Ran da na fara zuwa bakinsa, na ga wani dattijo ɗan ƙabilar Nunga, 'yan asalin yankin, ya duƙa ya ɗebi rairayi, ya murza shi a tafin hannu, sannan ya watsa cikin ruwa. An bayyana mini cewa gabatar da kansa yake yi ga Wagil, ƙaton macijin da suka ce shi ya haƙa kogunan yankin da jan cikinsa, domin ya ji ƙanshin jikinsa ya san ba baƙo ba ne.

Nan take rijiyar Kusugu ta faɗo mini a rai. Mu ma muna da macijin ruwa, wanda ya hana mutanen Daura ɗiba sai ranar Juma'a, amma wanda muke yabo shi ne Bayajida da ya sare masa kai. Su Nunga sun bar nasu da rai, kuma a ganina dabarar tana nan, domin ruwan da ake ganin yana da mai shi ba a zuba masa ƙazanta. Ni Musulmi ne, ban ce maciji ya haƙa kogi ba. Dokar da aka ƙunshe cikin labarin nake dubawa. Kakannin Nunga sukan kafa shingen itatuwa na kama kifi a Baragub, wani wuri a kan ɗaya daga cikin kogunan, su taru ɗaruruwa lokacin da ruwan sama na farko ya koro kifi, kamar yadda masunta ke taruwa a kogin Matan Fada a Argungu, inda ake hana kamun kifi har sai Sarkin Ruwa ya buɗe.

Da Turawa suka karɓe ƙasar, takin zamani daga gonaki ya riƙa gangarowa tafkin, gansakuka ta rufe shi yana wari, har sai da gwamnati ta yanka mashigi zuwa teku a 1994 don ruwan gishiri ya wanke shi. Yau sunayen Nunga sun koma kan allunan bakin ruwa, ana koya wa yara yanayinsu shida na shekara. Jakara kuwa, da Kanawan dā ke jin nauyinta, ta zama magudanar dagwalon birni, kuma yaran da suka tashi a gefenta da wari kawai suka san ta.