Tuffar da ta ƙi motsi

(Kwana biyu ke nan kwamfutar Alhaji tana kunne, kuma babu komai a allonta sai hoton tuffa da ɗan layi a ƙarƙashinsa wanda ya tsaya cak a tsakiya. Alhaji ya sayi kayan kwamfutar ɗaya bayan ɗaya, aka harhaɗa masa su a cikin babban akwati mai fitilu, sannan ya ce lallai manhajar macOS ta kamfanin Apple yake so a ɗora masa. Malam Gwani, wanda tun da aka haife shi bai taɓa cewa bai sani ba, shi ya karɓi aikin. Yaronsa Auta yana tsaye a baya, riƙe da littafin rubutu.)

ALHAJI: Malam Gwani, tun shekaranjiya ka ce mini saura kaɗan, ga shi har yau layin nan bai ƙara ko taku ɗaya ba.

GWANI: Ranka ya daɗe, tunani take yi. Manhajar manyan mutane ba ta shiga wuri da garaje, sai ta tsaya ta ƙare wa gidan kallo tukuna.

AUTA: Maigida, da za ka yarda da mun ƙara alamar -v a cikin umarnin tashi, domin ita ce take ɗage hoton tuffar ta nuna rubutun abin da kwamfutar take yi a ɓoye, har mu ga ainihin layin da ta maƙale.

GWANI: Abin da nake shirin faɗa ke nan ka tari numfashina. Yi maza ka saka.

(Auta ya gyara, ya sake kunnawa. Tuffa ta ɓace, fararen rubutu suka riƙa gudu a kan baƙin allo, sannan suka tsaya.)

ALHAJI: Subhanallahi, ina tuffata? Wannan kuma wane irin rubutu ne?

GWANI: Gaisuwa ce, Alhaji. Tana gaida kayan ciki ɗaya bayan ɗaya.

AUTA: Ai kuwa ƙorafi ne, Maigida. Ka gafarce ni, wannan jakar fayiloli ta EFI da muke tayar da kwamfutar da ita, daga ina ka samo ta?

GWANI: Daga intanet na sauko da ita. Mai ita ya rantse cewa komai yana aiki a wurinsa.

AUTA: A wurinsa kam yana aiki, amma tasa kwamfutar tafi-da-gidanka ce, ta Alhaji kuwa ta tebur ce, kuma babu abin da ya haɗa kayan cikinsu. Fayil ɗin config.plist da ke cikin jakar nan shi ne yake faɗa wa OpenCore, manhajar da ke tayar da kwamfutar, irin gyaran da za ta yi wa kowane ɓangare kafin macOS ta tashi, saboda haka idan aka ɗauko na wani aka ɗora, an ba mara lafiya maganin maƙwabcinsa ke nan.

ALHAJI: Wato dai rigar aro kuka sa mata.

AUTA: Ita ce, ranka ya daɗe, kuma ga shi ba ta rufe katara ba.

ALHAJI: To ni abin da ban gane ba shi ne, me ya sa sai an yi wannan wahalar duka? Windows da ke ɗaya faifan ai ba ta taɓa tambayata asalina ba.

GWANI: Girman kai ne kawai irin na masu kuɗi.

AUTA: Akwai dalili, Alhaji. An rubuta Windows ne domin ta hau kwamfutocin kamfanoni barkatai, ita kuwa macOS kayan Apple kaɗai ta sani. Da can ma babu mai mafarkin wannan aikin, sai da Apple ya koma amfani da ƙwaƙwalwar Intel a shekarar 2006, kayan cikin Mac suka zama dangin na sauran kwamfutoci, sannan masu ƙwaƙƙwafi suka gano cewa za a iya yi mata dabara, suka raɗa wa irin wannan kwamfuta suna Hakintosh. Ɗaya daga cikin ayyukan OpenCore shi ne ta yi wa akwatin nan naka takardun shaida ta ce sunansa iMac. Har wani ɗan guntu da ake kira SMC, wanda ke cikin kowace Mac ta Intel, sai an ƙirƙiro na bogi da manhajar VirtualSMC, in ba haka ba macOS ba za ta yarda ta tashi ba.

ALHAJI: To idan abin ya gagara, sai mu kira kamfanin su turo ma'aikacinsu.

GWANI: (ya yi tari) Kada mu ɗaga musu hankali, suna da ayyuka da yawa.

AUTA: Gaskiyar magana, yarjejeniyar da ake danna amincewa da ita ta ce a kan kwamfutar Apple kaɗai aka yarda a ɗora manhajar. Akwai wani kamfani a Amurka mai suna Psystar da ya riƙa sayar da irin waɗannan kwamfutoci, Apple ya maka shi a kotu a 2008 kuma ya yi nasara a kansa. Idan ka kira su, ka kai ƙarar kanka ne da ƙafarka.

ALHAJI: A bar kiran.

(Auta ya zauna ya haɗa sabuwar jaka daidai da kayan da ke cikin akwatin, ya jera ƙananan manhajojin taimako, ya sa Lilu a sama domin WhateverGreen mai kula da hoto da AppleALC mai kula da sauti da VirtualSMC duk a kanta suke jingina, ya kwafi jakar a wata filasha ya jefa aljihu. Yana juya baya, Malam Gwani ya shiga BIOS, wato wurin saita kayan cikin kwamfuta kafin manhaja ta tashi. A nan ya kamata a faɗi gaskiya game da Malam: hannunsa yana da sauri, matsalar dai ba ya tuna inda hannun ya bi.)

GWANI: Na gama. Na canza abubuwa goma sha ɗaya a lokaci guda, domin duk inda cutar ta ɓuya ɗaya daga ciki zai same ta.

(Aka kunna. Rubutu ya gudana, ya dagule, sai ga da'ira da aka ja wa layi a karkace ta bayyana a tsakiyar allo.)

ALHAJI: Wannan alamar kam na san ta, ita ce ta hana ajiye mota.

GWANI: Ci gaba ne, ranka ya daɗe. Ɗazu ba ta ce komai ba, yanzu kuwa ga shi ta fara bayyana ra'ayinta.

AUTA: Maigida, cikin sha ɗayan nan, waɗanne ka taɓa?

GWANI: Wanda ya ƙware ba ya ƙirga.

AUTA: Alamar tana nufin manhajar ta nemi faifan da take zaune a kai ta rasa. Ina zargin ka sauya tsarin haɗa faifai na SATA daga AHCI zuwa RAID, wanda macOS ba ta ganin faifai ta cikinsa. Amma tun da ba mu san sauran goman ba, dole mu mayar da BIOS yadda ya zo daga masana'anta, mu kashe Secure Boot da Fast Boot, mu tabbatar da AHCI, kuma daga yanzu duk abu ɗaya da muka canza sai mun kunna mun ga sakamakonsa na rubuta a littafi kafin mu taɓa na biyu.

GWANI: Wannan ai aikin masu koyo ne.

AUTA: Shi ya sa ni zan yi, Maigida.

(Aka bi a hankali. Wannan karon rubutu ya yi ta gudu har ya kusa ƙarewa, sai allo ya yi baƙi ƙirin, fankoki kuwa suna ta juyawa abinsu.)

ALHAJI: Shi ke nan, kun kashe ta.

AUTA: Da ranta, ranka ya daɗe, gani ne ba ta yi. Katin hoton da ka saya na Nvidia ne, cikin jerin RTX, kuma babu direbansa a macOS.

ALHAJI: Direba? Ai ina da direba, yana waje yana jirana. A kira shi.

GWANI: A kira shi mana, ko da wani abin da ya sani.

AUTA: Ba irin wannan ba. Direba a nan wata ƙaramar manhaja ce da take yi wa kati da babbar manhaja tafinta. Nvidia ta kasance tana fitar da nata har zuwa macOS High Sierra, amma tun da Mojave ta fito a 2018 abin ya tsaya, katunan RTX kuwa ba su taɓa samun ko ɗaya ba. Babu wata dabara da za ta sa wannan katin ya yi aiki yadda ya kamata a nan.

ALHAJI: Kana nufin wannan ƙaton, mai fanka uku, wanda ya fi komai nauyi a cikin akwatin, wanda sai da aka cire wani ƙarfe kafin ya shiga?

AUTA: Shi fa. Ko dai a musanya shi da na AMD irin RX 580, wanda macOS ta sani tun asali, ko kuma mu sa WhateverGreen ta rufe shi, mu mayar da wayar allo jikin babban allon cikin akwatin, wato motherboard, mu yi amfani da ɗan ƙaramin mai hoto da ke cikin ƙwaƙwalwar Intel. Ka yi sa'a taka 'yar zubi na goma ce, domin daga na sha ɗaya zuwa sama shi ma wannan ba ya aiki.

ALHAJI: To shi katon me zai riƙa yi?

GWANI: Zai riƙa ba da iska, Alhaji. Kwamfuta ma tana son ni'ima.

(Auta ya zare waya daga ƙasa ya soka a sama. Aka kunna, rubutu ya wuce, sai ga fuskar macOS ta bayyana tas. Malam Gwani ya miƙe ya gyara hula.)

GWANI: Ka gani ko, Alhaji? Na faɗa maka tunani take yi.

ALHAJI: Madalla. Amma linzamin kwamfutar nan ba ya motsi.

GWANI: Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin...

AUTA: Kafar da aka soka shi ce ba ta cikin lissafi. macOS ba ta karɓar fiye da kafofin USB 15 a kan kowane mai sarrafa su, kuma kowace kafa ta USB 3 biyu ake ƙirga ta, saboda tana ɗauke da tsohon layi da sabo. Akwatin nan ya haura wannan adadi, don haka manhajar ta ɗebi na farko ta watsar da sauran. Sai mun bi kafofin ɗaya bayan ɗaya muna soka filasha, mu zana taswirarsu, mu zaɓi waɗanda za a bari. Idan ba mu yi ba, ko barci ka sa ta za ta iya farkawa nan take.

ALHAJI: Sauti fa? Na ga alamar lasifika ta yi fari fat.

AUTA: Wannan kuma lamba ce za mu nema. Kowane guntun sauti yana da jerin lambobin da AppleALC ta tanadar masa, sai mu saka ɗaya, mu sake kunnawa, mu saurara, in babu mu saka ta gaba.

GWANI: Me zai hana mu saka su duka a lokaci guda?

AUTA: Maigida, don Allah ka riƙe mini littafin nan.

(A gwaji na huɗu lasifika ta yi ƙara, har Malam Gwani ya yar da littafin. Wi-Fi kam aka haƙura aka ja waya, domin tsofaffin katunan Broadcom da aka daɗe ana dogaro da su ma macOS Sonoma ta daina karɓarsu a 2023.)

ALHAJI: Saura abu ɗaya. Ɗazu da kuka shiga Windows na ga agogo ya sauya, yanzu kuma ya dawo daidai. Wace ce maƙaryaciya a cikinsu?

AUTA: Babu ko ɗaya. Agogo guda ne a jikin babban allo, sai dai macOS tana ɗaukarsa a matsayin lokacin duniya na UTC ta ƙara ko ta rage bambancin yankinka, Windows kuwa tana ɗaukarsa lokacin gida ne kai tsaye. Kowace ta shigo sai ta gyara shi yadda ta fahimta.

GWANI: Kishiyoyi ke nan a ɗaki ɗaya.

AUTA: Wannan karon ka yi daidai, Maigida. Alhaji, sai gargaɗi: idan ta ce maka ga sabuntawa, kada ka danna sai an fara sabunta OpenCore da direbobin nan, kuma filashar da ke aljihuna ka adana ta, ita ce za ta tayar da kwamfutar ranar da wani ya sake shiga da sauri. Ka kuma sani cewa tun 2020 Apple ya fara komawa ƙwaƙwalwar da yake ƙerawa da kansa, daga M1, kuma ya sanar cewa macOS Tahoe ta 2025 ita ce ta ƙarshe da za ta hau Intel.

ALHAJI: Wannan duk na ji. Ni dai a cire mini rubutun nan a dawo da tuffata.

(Auta ya goge alamar -v ya sake kunnawa. Tuffa ta fito, layi ya cika cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta wuce.)

ALHAJI: Ina ta tafi kuma?

AUTA: Ta gama aikinta, ranka ya daɗe. Kwamfuta mai lafiya ba ta daɗewa a wurin.

ALHAJI: Yaro, ni fa saboda tuffar nan na shiga wannan hidima. Jiya baƙi uku suka shigo suka gan ta a allo, babu wanda bai jinjina mini ba. Yanzu wanda ya shigo me zai gani? Ni wasiƙuna a waya nake karanta su. Ba za a iya mayar da ita yadda take da, ta tsaya a wurin tun safe har dare ba?

(Auta ya dubi littafinsa mai shafi shida cike da rubutu, bai ce komai ba. Malam Gwani ya naɗe hannun riga ya jawo kujera.)

GWANI: Matsa gefe, Auta. Wannan ɓangaren nawa ne.